Masu Ɗaukar Jirgin Anasara

Tsawo ne ya jawo wa Gado wannan wahala, ba wani laifi ba. Ranar da gardin bariki ya iso ƙauyensu, wani ɗan ƙauyen manoma da ke bakin gulbi tsakanin Maraɗi da Jiratawa, mai gari ya tura masa samari marasa iyali, kamar yadda aka saba in an zo ɗibar mutanen aikin dole. Gardin, wani tsohon soja mai jar hula da ake kira Maliki, ko kallonsu bai yi ba. Ya sauko da wata gora daga kan dokinsa ya kafa ta a ƙasa, ya ce duk namijin da ke garin ya zo ya tsaya a jikinta. Wannan ya gaza, wancan ya zarce. Gado na zuwa, kansa ya yi daidai da bakin gorar kamar da shi aka auna aka yanke ta.

Mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga maigida ne, ga kuma damina bisa kai. A ɗauki wani."

Maliki ya ce, "In kana da wani mai tsawon gorar ga, kawo shi."

Babu wani. Haka Gado ya bi bayan doki zuwa Maraɗi, da rigar da ke wuyansa.

Sai da suka isa bariki ya san dalilin gorar. An kawo wani sabon Anasara, mataimakin kumandan, saurayi mai jan wuya. Tun yana ƙasarsu aka nuna masa takardar da aka zana ƙasar Maraɗi a kai, ya ga wani shuɗin zare ya ratsa gefen gari. Bawan Allah bai tambayi kowa ba, ya sayi jirgin ruwa na katako, kore shar, ya sa aka yi ta jigilarsa har Maraɗi, don ya riƙa shan iska a kan gulbi ranar Lahadi. Ya iso da bazara. Da aka kai shi ya ga gulbin, sai ya tarar da rairayi fari fat, jakuna suna birgima a tsakiya, mata sun tona ramuka suna kwalfar ruwa da ludayi. Kafin rana ta faɗi duk Maraɗi ta raɗa masa suna Mai Jirgi.

Da wani ne, da ya ji kunya ya ɓoye jirgin a ɗakin ajiya. Shi kuwa cewa ya yi ai gulbi mai tsawo haka ba ya rasa ruwa a wani wuri, za shi yawon buɗe ido a garuruwan bakin gulbi, inda ya sami ruwa ya saka jirginsa. Jirgi kuma ba ya tafiya a ƙasa. Dole mutum huɗu su kife shi a ka, kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya, don in ɗaya ya gaza sai jirgin ya karkace fentinsa ya goge. An sami uku a cikin gari. Gado ne na huɗu.

Abin da ya baro a gida shi ne ya hana shi sukuni. Su Gado Anna ne, masu bin al'adar kakanni, kuma tun da mahaifinsa ya rasu shi ne maigida. A gidansu akwai abin da ba a ketarewa: ba wanda ke jefa ƙwayar iri a gandu sai maigida ya ɗebi na farko da hannunsa ya zuba a ƙasar gandun. Ba a aike, ba a wakilci, kuma baki ba ya tsayawa a madadin hannu. An ce wani kakansu ya taɓa riga yayansa shuka, shekarar nan aka binne mutum uku a gidan kafin a ci tumu. Ko hakan ne ya jawo ko ba shi ba ne, ba mai niyyar sake gwadawa, balle ga Dada, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ke riƙe da al'adar gidan da duk haƙoran da suka rage mata. Ga shi fara ta cinye su shekarun baya, rumbu bai farfaɗo ba har yanzu. Irin da ya rage ƙwarya ɗaya ce, matarsa Tsahara ta liƙe bakinta da laka ta rataye. In ruwan shuka ya sauka, laima ba ta wuce 'yan kwanaki a ƙasa. Wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, wani ruwan kuwa ba wanda ya yi wa alkawari.

Suka fara da Tibiri, don an ce akwai wani gurbi mai ruwa a can. Gado ne a gaba ta dama, a hagunsa wani dogon mahauci ɗan Maraɗi mai suna Idirisa, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da wuyansa na karyewa. A ƙarƙashin kifaffen jirgi ba iska, sai warin fenti da na zufa. Ba ka ganin sama, ba ka ganin gaba. Abin da kake gani kawai ƙasa da ƙafafunka da na ɗan'uwanka. Gammo ya jiƙe tun kafin a fita gari, katako ya soma cin tsakar ka. In ɗaya ya yi tuntuɓe, sauran ukun su ji shi har cikin haƙora, Mai Jirgi kuma ya juyo daga kan dokinsa yana cewa, "Dusma, dusma!" Maliki ya ce musu wai a yi a hankali ke nan. Ita kaɗai ce kalmar Faransanci da Gado ya koya a rayuwarsa, kuma ya tsane ta.

Idirisa ya ce, "Ni dai na yi mahwalkin shiga jirgi, amma ban taɓa tsammanin jirgi za shi hau ni ba."

Gado bai yi dariya ba. Dariya tana motsa wuya.

A yi wa Mai Jirgi adalci, ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ba Gado haushi. Mugu ka san inda za ka ajiye shi a zuciyarka. Wannan kuwa murna kawai yake yi. Ya ga giginya ya tsaya ya ɗauki hoto. Ya ga zabin daji ya sauka ya harba, ya rasa, ya yi dariya. Da rana ta yi tsaka kuku ya shimfiɗa masa farin ƙyalle a gindin tsamiya, ya ci ya sha, ya rufe fuska da malafa ya yi barci, ya tashi ya miƙa wa masu ɗaukar jirgi ƙwayar sukari ɗaiɗaya yana murmushi. Bai taɓa ɗaga hannu ya doke su ba. Bai kuma taɓa tambayar ko suna da gida ba.

A Tibiri aka tarye shi da kaji da ƙwai daga fada. Ya zagaya kasuwa, ya sayi wuƙar Gobir da tabarmar kaba, da yamma aka haɗa masa kokawa a dandali ya yi ta tafi. Duk inda za shi sai an bi shi da jirgin, don ba ya son ya yi nisa da idonsa. Saboda haka Gado ya zagaya Tibiri kaf bai ga Tibiri ba. Ya dai ga ƙasarta: jan rairayi a ƙofar gari, toka da kashin awaki a lunguna, ɓawon gyaɗa a kasuwa, da ɗaruruwan ƙafafun mutanen da suka taru suna kallon wannan abin al'ajabi. Ya ji wata tsohuwa tana tambaya ko makara ce ta Anasaru.

Gurbin da aka yi ta labari kuwa, da suka isa sai ga taɓo baƙi da shanu suka tattake, ruwan tsakiyarsa bai kai gwiwa ba. Mai Jirgi ya sa aka saka jirgin duk da haka. Ya shiga, ya zauna, ya riƙe matuƙi biyu. Jirgi ya nutse cikin laka ya tsaya cik. Su huɗun suka shiga suka ciro shi, suka wanke masa taɓo da hannu, suka mayar da shi ka, yanzu ya ƙara nauyi.

Washegari da la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe farin ƙyallen kuku, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Masu ɗaukar jirgi suka jingina shi a kututture suka fake a ƙarƙashinsa, karo na farko da ya yi musu wani amfani. Gado ya tsuguna, ya miƙa hannu waje ya ɗebo ƙasa ya dunƙule. Ta dunƙulu. Ya tona da yatsa, laima ta bi yatsan har ƙarshe. Ruwan shuka ne, cikakke, irin wanda ya shekara yana roƙo. Ƙamshin ƙasa ya cika masa hanci. Bai taɓa sanin mutum na iya jin ƙamshin nan ransa ya ɓaci ba.

Idirisa ya dube shi ya ce, "Kai mutumin gona, ba ka murna?"

Gado ya ce, "Iri na rataye, ni ina nan."

"To matarka ba ta da hannu? Ba ka da ƙane?"

"Sai na zuba na hwarko."

Idirisa ya buɗe baki zai yi ba'a irin ta 'yan birni, ya kalli fuskar Gado, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Gari na wayewa Tibiri ta watse. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai a ka, har tsofaffi masu dogara sanda, kowa ya nufi gona. Mai Jirgi shi ma ya yi sammako ya ruga gulbi, ya tarar da rairayin jiya, sai dai ya jiƙe. Wasu dattawa suka yi wa Maliki bayani, shi kuma ya juya wa Anasara: ruwan da ya sauka a nan ba shi ke cika gulbi ba. Ruwan gulbi daga kudu yake zuwa, daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Madarumfa da Jiratawa. Mai son ya gan shi da wuri sai ya tarye shi a can.

Gado ya sami Maliki yana ɗaure wa doki sirdi, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, a yi mani rai. In tahi in zuba iri in komo. Wallahi ba ni kwana."

Maliki bai ɗago ba. Ya ce, "In ka tahi, wa za shi ɗauki kusurwarka? Ni? Kuma kar ka sake ka gudu. In ka gudu, gardawa ka zuwa garinku su buɗe rumbuna, da naku da na maƙwabta. Ka san haka." Ya ja igiyar sirdi ya ƙara da cewa, "Kana tsammanin ni ba ni da gona?"

Ranar ma ba su tashi ba. Mai Jirgi ya ga masu shuka sun ba shi sha'awa, ya yini yana bin gonakin Tibiri da akwatin hotonsa. Yana son yadda namiji ke tafe yana sara da sungumi, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, kamar masu rawa. Har ya karɓi sungumin wani ya gwada, ya kusa sare ƙafarsa, aka yi dariya. Gado na zaune a inuwar jirgi yana kallon irin wasu na shiga ƙasa.

Suka juyo kudu. Yanzu Gado ya gode wa jirgin da ya hana shi ganin gonaki, amma bai hana shi ganin ƙasa ba, ita kuwa ƙasa ba ta yi wa manomi ƙarya. Da suka baro Tibiri baƙa ce, tana manne wa tafin ƙafa. Kafin su shiga Maraɗi ta soma yin fari a sama, sai ka taka ka ga duhun laima a sawunka. A Maraɗi aka yada zango, don masu kantunan gyaɗa sun gayyaci Mai Jirgi cin abinci, yana da labarin Tibiri da zai ba su. Da suka kama hanyar Jiratawa da safe, rairayi ya fara zubowa ta tsakanin yatsun ƙafa. Gado ya riƙa caka babban yatsansa a ƙasa yana tafiya, yana neman sanyi. Kowane zango sai ya ƙara nitsa yatsan kafin ya same shi.

Hanyar Jiratawa ta tudu take bi, ƙauyensu Gado kuwa yana can ƙasa cikin kwari, da 'yar tafiya. Daidai mararrabar da ke gangarawa garinsu, Gado ya ga wasu ƙafafu gajeru masu kaushi sun tsaya a gefen hanya. Ko cikin dubu ya san su. Ƙanensa Baraka ne.

Baraka ya zube gaban dokin Maliki. "Ranka shi daɗe, ga ni. In ɗauki kayan, yayana shi tahi gida. Kowa ya gama shuka, mu kaɗai munka rage."

Maliki ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba. Ya yi tsaki, amma ya ce a gwada. Gado ya sunkuya ya fito, Baraka ya shiga, ya ninka gammo biyu, ya yi ɗage a kan yatsu. Ba su yi nisa ba jirgin ya zame ta kusurwarsa, ya karkata, hancinsa ya daki wani kututturen ƙirya. Koren fenti ya ɗaye kamar faɗin tafin hannu. Mai Jirgi ya diro daga doki fuskarsa ta yi jawur, ya durƙusa yana shafa wurin kamar an ji wa ɗansa ciwo. Ranar ce kaɗai Gado ya ji ya ɗaga murya. Maliki ya daka wa Baraka tsawa ya kauce, Gado ya koma ƙarƙashin katako tun iska ba ta gama busar masa da tsakar ka ba.

Baraka ya biyo su da sassarfa yana magana da cikin jirgi. "Yaya, na ce ma Dada mu shuka hakanan, ta ce sai dai bisa gawarta. Tsahara ta sauke ƙwarya, kullum muna gindin gawon gandu zaune. Mi za mu yi?"

Idirisa ne ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Kai, gonarku ba bakin gulbi take ba? In ruwa ya zo, wanga mahaukaci ai gangarowa za shi yi da jirginai har Maraɗi. Ta ƙohwar gonarku za a bi."

Gado ya ce, "Baraka, ku zamna gindin gawo. Kar ku tahi ko'ina."

A Jiratawa aka sauke Anasara a wata rumfa kusa da lambuna. Ya zagaya ya ga albasa da taba, ya sha rake, ya harbi agwagwar ruwa guda wadda daga baya aka gane ta wani ce. Masu ɗaukar jirgi suka kwanta rigingine a kan rairayi. Wuyan Gado ya sanƙare gaba ɗaya. In zai dubi gefe sai ya juya da duk jikinsa, kafaɗarsa ta dama kuma ta ƙi ɗaguwa sama da ƙirji. Ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Har ya daina jin haushin kowa, don haushi ma ƙarfi yake so.

Da hantsi aka ji ihu daga kudu. Kan ruwa ya iso. Ba da ƙarfi ya zo ba da fari, wani jan harshe ne mai kumfa yana tura karare da kashin shanu a gabansa, mutane na gudu a gefensa suna guɗa. Kafin azahar gulbi ya cika baki da baki, ja wur, yana ruri, yana tafe da itatuwa. Mai Jirgi ya yi ta tsalle. Aka saka masa jirgi, ya shiga, ya tura. Ruwa ya karɓe shi ya juya shi sau biyu kamar ɓawon gyaɗa, matuƙi ɗaya ya tafi, da ƙyar jirgin ya maƙale a rassan wata bagaruwa. Da aka ciro shi ya tsorata, amma bai haƙura ba. Ya riga ya aika Maraɗi cewa kumandan da matarsa su fito bakin gulbi da la'asar su ga isowarsa. Sai aka ɗaura doguwar igiya a gindin jirgin. Shi zai zauna a ciki yana shan iska, Gado da Idirisa su riƙe igiya suna bin gaɓa, sauran biyun su ɗauko kujera da akwatuna.

Ashe ɗaukar jirgi hutu ne. Ruwa na ja, su suna ja, igiya na cin tafin hannu. Wani wuri su bi ta kan gaɓa cikin ƙaya, wani wuri su gangara su bi gefen ruwa, laka har ƙauri. Can tsakiya Mai Jirgi ya miƙe ƙafa, ya kunna lofe, yana ɗaga wa mutanen gaɓa hannu.

Gandunsu Gado yana kan wata kwana ce inda gulbi ke karyawa, kuma nan ruwa ya fi ƙarfi. Duk shekara sai ya gutsuri bakin gonar ya tafi da shi, har gaɓar ta zama bango, ta fi tsawon mutum. Tun daga nesa Gado ya hango kan gawon. Gonakin maƙwabta duk sun yi layi-layi da sawun shuka, wasu har tsiro ya fara leƙowa. Tasu ce kaɗai a shafe, ba sara ko ɗaya.

Gado ya ɗaga murya ya ce, "Ranka shi daɗe, ga gonata! In hau in sauko, yanzu-yanzu!"

Maliki na bisa gaɓa a kan doki, idonsa a kan jirgin da ya fara karkata. "Nan? Ka saki igiya nan, Anasara shi kihe, a harbe mu duka? Riƙe!"

Gaskiya ya faɗa. Idirisa ya riga ya zauna a laka yana turjewa da diddige, ruwa na jan su gaba taku bayan taku. Hanyar gaɓa ta yanke, sun gangara ƙasa, suna bin ɗan siririn rairayin da ya rage tsakanin ruwa da bango. Gado ba ya iya ɗaga kai ya ga sama. Sai ya ji ƙasa na zubowa, ya ga ƙafafun Tsahara. Ta sulalo ta wata tsaga da ƙwarya rungume a ƙirji, zanenta duk laka, tana bin gefensa da gudu-gudu.

"Maigida, ga shi. Ɗiba!"

Hannayensa biyu na kan igiya. Ya juya jikinsa sau ɗaya igiyar ta naɗe masa ƙugu, ta matse shi har numfashinsa ya tsaya, ya zare hannun dama. Fatar tafin ta saɓule. Ya tsoma shi cikin ƙwarya ya ji sanyin hatsi, ya damƙo. Gona na can sama, bayan bango. Ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi ya wurga.

Kafaɗar ta ƙi. Hannun bai wuce ƙirjinsa ba. Irin ya daki tsakiyar bango ya zubo, ya warwatsu a kan jiƙaƙƙen rairayi, dab da bakin ruwa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta hau sama ba.

Tsahara ta tsaya da ƙwarya a hannu. Ruwa ya fizgi jirgi, igiya ta fizgi Gado, ya yi gaba yana tangaɗi. Babu damar ɗiba ta biyu. Gado ya ji da ma ruwan ya haɗa da shi ya tafi.

Sai ya ji muryar Dada daga sama, a bayansa, siririya amma ba ta rawa. Ta rarrafo har bakin gaɓa ta leƙo.

"Ina ya zuba?"

Baraka ya ce, "Ƙasa, Dada. Bakin ruwa. Bai kai gona ba."

Tsohuwar ta dubi wurin. Sannan ta ce, "Kai yaro ne. Sa'ad da nike budurwa, nan inda irin ga ya zuba nike tsayawa in kori tsuntsaye. Akwai kunyar shuka goma gaba da nan, gulbi ya cinye su. Gulbi ya ci ƙasa, bai saye ta ba. Gandun ubana ne. Maigida ya zuba iri. Ɗauki sungumi."

Gado ya so ya juya. Ya so ya ga Baraka ya ɗaga sungumi, ya ga Tsahara ta haye gaɓa ta bi bayansa. Wuyan ya ƙi, kuma in ya juya da jiki igiya za ta kayar da shi. Ya ci gaba da tafiya, idonsa a kan laka da ƙafafunsa, ya kasa kunne.

Ya ji saran farko. Ƙarar busasshiyar ƙasa ce, shau, ba nauyi. Ya ji na biyu nan take, a rami ɗaya, wannan karon da ɗan dum a ƙarshensa. Baraka sai ya sara sau biyu kafin ya tarar da laima. Amma ya tarar da ita. Shau, dum. Shau, dum. Gado ya bi ƙarar da kunne har rurin ruwa ya rufe ta.

Idirisa na haki a bayansa ya ce, "Ta samu?"

Gado ya ce, "Akwai sauran laima. In sun yi sauri."

Daga tsakiyar gulbi Mai Jirgi ya cire lofe daga baki. Kwanar ta girgiza shi, toka ta zubar masa a wando. Ya ɗaga hannu yana kiran su, "Dusma, dusma!"

Gado ya mayar da hannunsa kan igiya. 'Yan ƙwayoyin hatsi sun manne a cikin saɓulen tafinsa, suna cizonsa duk lokacin da ya damƙe. Bai kakkaɓe su ba. Har Maraɗi da sauran tafiya.